Safiyar da Muryata Ta Ce a Yi Shuka

Da Allah zai ba mutum damar ɗauke safiya ɗaya daga cikin rayuwarsa, ba zan tsaya zaɓe ba. Zan ɗauke safiyar da na sa Ramatu ta aika da lambar da idonta bai gani ba, sannan na tsaya a bakin gonata ina kallon mutanen ƙauye guda suna zuba irinsu cikin ƙasar da na san a bushe take. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana kirana Baba Shef, kuna ganin takardar yabon kamfani rataye a zaure. Uwarku Hajo ta san wannan magana tun ranar da ta faru, ba ta taɓa gaya muku ba. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya, gara ku ji daga bakina.

Karatuna bai yi nisa ba. A aji shida na lakwal, wato firamare, na tsaya, Faransancina na gaisuwa ne da cika takarda. Amma na yi shekaru ina bin malaman gona ƙauye-ƙauye tsakanin Tibiri da Kore Mairuwa, ina duba musu kwalbar awon ruwan sama, har ya zama da wuya a sami maigarin da ban sha fura a gidansa ba. Wannan sanin ne ya sa Nasiru ya neme ni. Nasiru ɗan Dogon Dutsi ne da ya yi karatun na'ura a Yamai, ya dawo da wata dabara. A kafa kwalbar awo bisa turke a kowane ƙauye, mutum ɗaya ya duba ta da safe ya aika da lambar ta salula, na'ura ta haɗa lambar da abin da take hangowa na hadari, sannan ta kira manoma ta gaya musu ko su yi shuka ko su dakata. Da yake yawancin manoma ba sa karatu, aka ce saƙon ya zama na murya, kuma muryar da aka ɗauka tawa ce. Nasiru ya zaunar da ni a ɗaki, ya toshe taga da bargo saboda kukan awaki, na faɗi magana biyu. Ɗaya ta ce ruwa bai kai ba, a dakata. Ɗayar ta ce, “Salamu alaikum, Alhasan ne. Ruwa ya wadata, ku yi shuka, Allah ya ba da damana mai albarka.”

A farko mu huɗu ne, a ɗaki ɗaya bayan tashar mota. Kwano ɗaya muke ci da rana. Kafin kowa ya sa hannu sai Nasiru ya tambaya me ya ɓaci yau, kuma wanda ya kawo labarin ɓarna shi ke ɗaukar tsokar farko. Har gardama muke yi a kan wanda ɓarnarsa ta fi girma. Damana biyu muka yi haka, saƙon yana faɗuwa daidai, manoma suka fara tsayar da ni a hanya suna cewa sun ji ni jiya.

A shekara ta uku kamfani ya girma. Aka buɗe aiki a wasu jihohi, babban biro, wato ofishinmu, ya koma Yamai, Nasiru ya bi shi. Aka ɗauki samari masu manyan takardu, aka raba ƙasa yanki-yanki, ni aka ba ni ƙauyuka goma sha biyu da masu awo goma sha biyu. Aka kuma kawo mana mai kula da aiki, wani Mushe Kadri, wato Malam Kadri a Faransance. Ba mugu ba ne, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Abin da ya zo da shi allo ne babba irin na talabijin, da taswira a kai, kowane ƙauye ɗigo ɗaya. Idan lamba ta iso kafin ƙarfe takwas na safe, ɗigon ya zama tsanwa. Idan aka ba da rahoton abu ya lalace, ya zama rawaya. Idan ba a aiko komai ba, ya zama ja. Allon ya san lamba ta zo ko ba ta zo ba, amma bai san gaskiya ce ko ƙarya ba. Kwanon rana ya mutu, ba wanda ya ce a daina, kowa dai ya koma cin nasa a gaban na'urarsa.

Kowace Litinin ana reniyo, wato taron ma'aikata, mu a Dutsi su a Yamai, muna ganin juna ta allo. Faransanci ake yi da gudu, ni ina kama ɗaya uku na wuce ni. A ƙarshe Mushe Kadri ya karanta sunayen shugabannin yanki daga mai yawan tsanwa zuwa mai yawan ja. Akwai tsarana, Maman, mai yankin Matankari. Mako uku sunansa na ƙasa, a na huɗu ba a karanta shi ba. Ba wanda ya ce mana ga dalili, mu ma ba wanda ya tambaya. Daga ranar tsoro ya shige ni. Ina ganin yadda yatsun samarin nan ke gudu bisa na'ura, nawa kuwa sai na sa madubin ido na laluba. Na san idan aka tashi rage tsofaffi ni ne na gaba, ga biyu daga cikinku suna karatu a Doso. Sai na tara masu awona a ƙarƙashin gawo a Kore Mairuwa, na sauke musu tsoron da ke cikina.

“Ba ni son ja, ba ni son rawaya,” na ce musu. “Ko kwalba ta hwashe, ko rezon salula ya ɗauke, ko kana kwance, lamba ta zo. Wanda ya bar gurbi ya bar aiki.”

Ramatu tana cikinsu. Ɗiyar abokina ce marigayi Tanko, ni na sa ta aikin, mijinta yana can bakin teku wajen biɗa, wato ci-rani, ya bar ta da yara uku. Ƙauyensu na gabas da Kore Mairuwa, ba zan faɗi sunansa ba don mutanensa suna raye. Gonar da na gada tana iyaka da gonakinsu. Sau uku Ramatu ta gaya mini gara ta ci turken kwalbarta. Kafin a ba da sabo sai na cika rahoton lalacewa, rahoton kuwa rawaya ne. Sau uku na ce mata ta bari sai an kwana biyu.

Hadarin farko ya zo da la'asar, da iska mai ƙarfi da tsawa. Washegari da safe ina zaune da na'urata, ɗigo goma sha ɗaya sun yi tsanwa, saura ɗaya. Sai ga kiranta.

“Baba, an tashi lahiya?”

“Lahiya lau. Ina lamba? Bakwai ta wuce.”

“Baba, kwalba ta hwaɗi. Iskan jiya ya karya turken. Na ishe ta kwance cikin rairai, ba ko ɗigo.”

“Ke ba ki ga ruwan da anka yi ba? Ƙiyasta mana.”

“Na tona bayan gida da hannuna. Laima ba ta wuce yatsu ba. Ruwan ga ƙara gare shi, ba shi da jiki.”

Na duba ƙauyen da ke kusa da su, milimita ashirin da biyu suka aiko. Na san duk lambar da ta wuce ashirin na iya sa na'ura ta ce a yi shuka. Na sani sarai.

“Sa ashirin da biyu, awa na maƙwabtanku.”

“Baba, su can hadarin ya zube. Mu gehensa munka samu.”

“Ramatu, wa ya sa ki aikin ga?”



“Kai ne, Baba.”

“To ni na ce ki sa. In takwas ta buga ba lamba, Litinin sunanki za a karanta a Yamai, kuma ba ni da bakin tare miki.”

Ƙarya na yi mata. Ba a taɓa karanta sunan mai awo a Yamai ba, nawa ake karantawa. Saura kaɗan takwas ta cika ɗigon ya zama tsanwa, na ji sanyi a ƙirjina.

Na ɗauki uwarku a moto, babur ɗina, da sungumi da jakar iri, muka nufi gona. Mun ishe mutanen ƙauyen tsaye a bakin gonakinsu, kowa da sunguminsa, ba wanda ya fara. Na durƙusa na tona kamar yadda mahaifina ya koya mini. Bayan yatsu huɗu sai rairayi fari, yana zuba tsakanin yatsuna. Na ci gaba har wuyan hannu, ba laima. Irin wannan ruwa shi ne mafi sharri, ya isa ya tayar da ƙwaya, bai isa ya raya ta ba. Ina durƙushe salula ta yi ƙara a aljihuna. Na ɗauka, na ji kaina ina yi wa kaina sallama. Sai na ji wata salula can, wata can, gona bayan gona, duk Alhasan ne, duk ruwa ya wadata. Tun da nake ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamar muryar nan tawa ba.

Tsoho Gado ne maƙwabcin gonata. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma yana da wani irin hatsi mai saurin nuna da ya gada daga kakansa, wanda yake rataye zangarniyarsa a rumbu duk shekara ba ya bari a taɓa. Ya tako yana dariya, salula a hannu.

“Alhasan, ga ka a aljihuna, ga ka gabana. Wanne zan gaida?”

Na yi yaƙe.

“Na tona, ban gamsu ba,” in ji shi. “Amma bara ma ban gamsu ba, ka ce a yi, munka yi, ruwa ya biyo. Ku kuna ganin bisa, mu ƙasa kawai muke gani.”

“Allah shi ba da sa'a, Baba Gado.”

Iyakar abin da na ce ke nan. Ya juya ya ɗaga wa 'ya'yansa hannu, sungumi ya fara sara, mata suna bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Na ce da ƙarfi, don a ji, na yi mantuwa a biro. Uwarku ba ta motsa ba.

“Malam, ka tona?”

“Na tona.”

“Mi ka ishe?”

Na juya na tayar da moto.

“To waccan muryar ta wa ce?”

“Hau mu tahi.”

“Ga su nan, ba nisa. Kalma guda ce.”

“In na hwaɗa, kahin azahar maganar ta kai Yamai.”

Ta hau, jakar iri a cinyarta. Har muka kai gida ba ta dafa kafaɗata ba, ko a wurin ramuka.

Kwana goma sha shida sama ba ta sake zubo da komai ba. A cikinsu na yi roƙon ruwa fiye da duk wanda na taɓa yi, amma ba don hatsin mutane ba, don ruwa ya rufa mini asiri. Da sassafe in fita in dubi gabas, da azahar in sake dubawa. Duk ƙarar salula sai gabana ya faɗi. Na daina zuwa kasuwar Kore Mairuwa, na canza sahun da nake tsayawa a masallaci. Rana ta biyar na bi ta bayan gonakin ba tare da na tsaya ba, na ga tsiro ya fito layi-layi, kore shar, ya yi kyau. Rana ta goma iska mai zafi ta taso da rairayi. Da na sake bi, layukan sun koma kamar zaren da aka ƙona. A reniyon makon nan sunana ne na farko.

Da ruwan gaske ya sauka na yi shukata da cikakken iri. Mutanen ƙauyen kuwa suka shiga neman abin da za su sake jefawa, wasu suka kankare gindin rumbu, wasu suka sayo hatsin ci a kasuwa wanda ba a san asalinsa ba. Uwarku ta ce mu raba namu biyu mu kai musu. Na hana, na ce za a tambayi dalili.

Kuka ya kai Yamai. Nasiru da Mushe Kadri suka zo Dutsi, aka kira Ramatu, aka kira ni. Ta zo da mayafinta na zuwa biki, ta zauna a bakin kujera. Mushe Kadri ya yi tambaya da Faransanci, Nasiru ya maimaita da Hausa.

“Ramatu, ranar nan kin ga ashirin da biyu a kwalba?”

“Ban gani ba. Kwalba ta hwaɗi.”

“To wa ya ba ki lambar?”

Ta ɗago kai ta dube ni. Ni kuwa na kafa ido a kan igiyar na'urar da ke ƙasa. Ina jira ta faɗa. Amma ita ɗiyar Arewa ce, ni kuma abokin ubanta. Ba za ta tsaya gaban baƙi ta ce dattijon da take kira Baba ya sa ta ƙarya ba. Na san haka, kuma a kan haka na dogara.

“Ni na aika,” ta ce.

Aka sallame ta daga aiki a ranar. Da za su tafi Nasiru ya ja ni gefe, ya rage murya kamar zamanin kwano.

“Baba, akwai abin da ya ɓaci wanda ban sani ba?”

“Babu,” na ce.

Da kaka gonata ta fi kowace kyau a wannan gefen, ana hango ta daga hanya. Na so a ce ta lalace. Ta ƙauyen kuwa rabi ya nuna rabi bai kai ba, samarinsu suka tafi biɗa tun ba a gama girbi ba. Ina ɗaurin dami sai ga Tsoho Gado da sandarsa.

“Hatsinka ya yi kyau, Alhasan.”

“Alhamdu lillahi, Baba.”

“Ran nan da kunka tahi, na zo na ga ramin da ka tona. Har wuyan hannu. Na ce ƙila mantuwar gaske ce. Kwana uku ina duban hanya in ga ka dawo da sungumi.”

Ya dogara da sandarsa ya ci gaba.

“Ba rigima ta kawo ni ba. Irin kakana ya ƙare cikin ƙasar ga, ba shi dawowa. So nike in sani, ran nan kai ne ka yi mini magana, ko ƙarhen da ke aljihuna ne?”

“Ƙarhen ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon damin da ke hannuna, ya juya. Bai gaya wa kowa ba. Da ya gaya da na huta. Duk inda muka haɗu sai ya gaishe ni da kyau, ni kuwa in wuni ina jiran ranar da zai buɗe baki.

Na ƙara damana biyu a kamfanin, sunana bai bar sama ba, har aka ba ni takardar nan ta zaure. Sai da Tsoho Gado ya rasu, na tsaya a sahun jana'izarsa na ji wani abu kamar sauƙi a raina, sannan na gane inda tsoro ya kai ni. A makon na shiga mota zuwa Yamai, na zauna gaban Nasiru na faɗi komai, tun daga turken da gara ta ci. Da na ce na ji tsoron a yi mini yadda aka yi wa Maman ne, sai ya dafe kai.

“Baba, Maman da kansa ya nemi a sauwaƙe mishi, idonsa ne ya ɓaci. Ba wanda anka taɓa kora don ja.”

“Mi ya hana ku hwaɗa muna?”

“Ban san ba ku sani ba. Na zaci allo na gaya mini komi.”

Na ajiye aiki. Daga baya na ji sun ƙara wuri a salular masu awo inda mutum zai danna ya ce bai gani ba, ɗigonsa ya zama tsanwa. Sun nemi Ramatu ta koma, ta ƙi. Man gyaɗa take yi yanzu, tana kai wa kasuwar Kore Mairuwa. Can na same ta, na durƙusa gaban kwalabenta mutane suna kallo. Ta ce in tashi don Allah, ta jawo mini kujera, ta saurare ni har na gama.

“Baba, wanda ka yi mini na yahe tun tuni,” ta ce. “Na irin mutane kuwa ba nawa ba ne, bale in yahe.”

Na bi gidajen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce ba komai, wasu sun bar ni tsaye a ƙofa. Gidan Tsoho Gado babban ɗansa ya karɓe ni, ya ba ni ruwa, ya nuna mini ƙusar da ake rataye zangarniyar a rumbu. Ba komai a jikinta.

Har yanzu kamfanin da muryata yake aiki. Na roƙa a cire, suka ce manoman wasu wurare sun saba da ita. A ƙauyen su Ramatu kuwa, an ce da sun ji “Alhasan ne” sai su kashe salula, su fita su tona ƙasa.

Kai Sani, yanzu kana da mutane a ƙarƙashinka a Yamai. Ke Mariyama, an ce ke ke raba wa ma'aikatan asibitinku aiki. Sauran ma kowa zai sami wanda ke jin tsoronsa da wanda yake tsoro. Abin da nake roƙonku bai da yawa. Idan na ƙasa da ku ya ce bai gani ba, ku rubuta bai gani ba, ko da sunanku zai koma ƙarshe. Idan wani ya ɓace daga wurin aiki, ku tambaya, kada ku ƙirƙiro wa kanku dalili ku zauna kuna rawar jiki. Idan kuma hannunku ya tona ya ishe ƙasa a bushe, ku faɗa wa na gonar kusa kafin ku hau moto. Takardar zaure ku sauke ta bayan raina, ku sa wannan wasiƙar a wurinta. Kada ɗayanku ya tsaya inda na tsaya a safiyar nan ya yi shiru.